Farantin da na mayar babu komai a ciki

Mun sauka Konya, wani gari a tsakiyar ƙasar Turkiyya, a watan Oktoba na 2021, ni da 'yata wadda lokacin ba ta cika shekara huɗu ba. Maigida ya riga mu zuwa da shekara guda, ya samu gurbin digiri na uku a jami'ar Selçuk, kuma tsarin tallafin da ya samu sai ka fara yin shekara ɗaya kana koyon Turkanci kafin ka shiga aji, toh shi ya riga ya ɗan kama yaren, ni kuwa banda "merhaba" ba abinda na sani. Daga Abuja muka tashi zuwa Istanbul, daga nan muka sake shiga wani jirgin zuwa Konya, ina leƙen ƙasa ta taga ina ganin fili shimfiɗe iya ganinka, ba bishiya ba komai sai gonakin alkama da aka riga aka girbe, nace a raina ashe su ma suna da irin filinmu na arewa. Kafin mu taso da naje sallama wajen kakata na gaya mata babban birnin Turkiyya sunansa Ankara, sai hankalinta ya kwanta tace ai kusa ne, don su a wajensu Ankara ita ce Accra ta Ghana, sai da aka yi ta mata bayani cewa wannan wata Ankarar ce can gaba da Makka.

Gidan da maigida ya kama mana a hawa na uku yake, cikin wani bene mai hawa biyar, ba nisa da layin taragon da yake tashi daga Alaaddin a tsakiyar gari ya tafi har jami'a. Sai daga baya ya gaya mun irin wahalar da ya sha kafin ya samu, wasu da sun ji muryar baƙo a waya sai suce an riga an kama, wani ma ya faɗa masa kai tsaye cewa shi ba ya ba wa baƙi haya. Bai gaya mun ba lokacin don kar na karaya tun kafin na zo.

Kwana uku da zuwanmu, da hantsi, maigida ya tafi makaranta, sai naji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe naga wata dattijuwa gajera, ta ɗaura kallabi ta zagayo da shi ƙarƙashin haɓa, sanye da wando buje irin nasu mai furanni, hannunta riƙe da faranti fari mai shuɗin baki an rufe shi da ƙyalle. Ta yi ta magana, ko kalma ɗaya ban ɗauka ba, ni dai da naga babba ce sai na durƙusa har ƙasa na gaishe ta yanda muka saba, sai matar nan ta rikice ta ajiye farantin ta kamo kafaɗuna ta ɗago ni tana ta cewa "yok kızım, yok", wato a'a 'yata. Su ba sa durƙusawa, hannun babba suke kamawa su sumbata su ɗora a goshi, wannan ma sai daga baya na sani. Abinda ke cikin farantin ganyen inabi ne aka naɗe shinkafa a ciki siri-siri kamar yatsa, sarma suke ce masa, da ɗan tsami-tsami. Muka ci, na wanke farantin tas na goge, da yamma na ba maigida ya miƙa mata a ƙofar da ke kallon tamu. Bayan sati ta sake kawo wani abu, na sake wankewa na mayar. Ta kawo na uku, haka. Daga nan sai shiru.

Toh a daidai lokacin ne kuma sanyi ya shigo. Ni da nake ganin na san sanyi saboda hunturun Kano, wallahi ban san komai ba. Garin yana kan tudu ne, kusan mita 1000 sama da teku, iskar da take kaɗawa busasshiya ce mai shiga ƙashi, shida na yamma ba ta cika ba rana ta tafi, ga kuɗin gas na ɗumama gida kullum ƙaruwa yake don a wannan lokacin ne kuɗinsu lira ya yi ta faɗuwa, mun zo ana canjin dala ɗaya ƙasa da lira 10, kafin shekara ta ƙare ta wuce 13, sai ya zama ɗaki ɗaya kawai muke kunna wa na'urar ɗumi mu taru a ciki. Maigida ya fita tun safe sai dare. Ni da yarinya da waya. Na buɗe WhatsApp naga hotunan biki da suna na gida, na rufe na yi kuka na share hawaye kafin yarinya ta gani. Ni da na tashi a gidan da ba a rufe ƙofa, wannan ya shigo wannan ya fita, almajiri na sallama, maƙwabciya na aiko yaro a sam mata kanwa, yau ga ni sai na wuni ban yi magana da babban mutum ba.

Wani abu ma ya faru a lokacin da ya ƙara rufe ni. Na sauka kantin unguwa, bakkal suke cewa, na nuna wa mai kantin hoton garin masara a waya ina tambaya ko akwai. Mutumin nan bai ce mun komai ba, sai ya ɗaga gira ya ɗaga haɓa sama ya yi wani sauti da harshensa, ni a kunnena tsaki ne ƙarara. Raina ya ɓaci sosai, na fito ko burodin da naje saya ban saya ba, nace me na yi wa bawan Allahn nan da zai mun tsaki a gaban 'yata. Da dare nake ba maigida labari, yace ai ba tsaki ba ne, haka suke cewa "babu", har yaro yana yi wa uwarsa ba komai ba ne. Na yarda da shi amma sai da na fi wata ban sake shiga kantin ba, don abinda kunne ya saba da shi tun yarinta ba ya fita da bayani ɗaya.

Ummata ce ta gano inda matsalar take. Muna waya ran nan ina mata ƙorafi cewa mutanen nan ba su da sakin jiki, har tsohuwar da ta fara kawo mana abinci ma ta daina, sai tace dakata, da ta kawo me kike zuba mata a kwanon in za ki mayar? Nace ba komai Umma, wankewa nake. Ta yi shiru, sannan tace "Ke yanzu a gidan nan kika ga ana mayar da kwano haka nan? Ko gishiri ne ai kya zuba, ko ɗan tukwici." Nace Umma me zan ba su, ba irin abincinmu suke ci ba, kar na kai su zubar. Tace "Ba ruwanki da su ci ko kar su ci, ke dai ki kai. Baƙunta kwana uku ce, ke kuma zama kika je yi."

Maganar nan ta tsaya mun a rai, don gaskiya na san abun, a gidanmu ba a taɓa mayar da kwanon maƙwabta wayam ba, amma da na zo nan sai na sa wa kaina cewa ni baƙuwa ce, tawa kawai na karɓa nace na gode, ba ni da abinda zan bayar da zai yi daraja a idonsu. Ashe su ma al'adarsu ke nan sak, ba a mayar da farantin maƙwabci babu komai, kuma wanda ya mayar har sau uku kamar yana cewa ne na gode amma a tsaya haka. Ba fushi tsohuwar ta yi ba, ja da baya ta yi don kar ta takura mun.

Washegari na kwaɓa fulawa da yis da sukari na soya fanke, na zuba a farantina na rufe da ƙyalle yanda naga ta yi, na tsaya a bakin ƙofarta gabana yana faɗuwa kafin na ƙwanƙwasa. Ta buɗe, ta ɗaga ƙyallen, sai naga fuskarta ta washe tana cewa "lokma, lokma!" Ashe suna da irinsa, su dai suna tsoma nasu a ruwan sukari ne, kuma sunan ma ai loma ce tamu, asalinsu ɗaya daga Larabci. Ba ta bar ni na juya ba, ta jawo ni ciki ni da yarinya, ta ajiye mun silifas na baƙi, ta zuba mun wani turare mai ƙamshin lemon tsami a tafin hannu, ta zaunar da ni kusa da hita, aka kawo shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi mai siririn ƙugu, ja wur ba madara. Ina shanyewa ana ƙarawa, ina shanyewa ana ƙarawa, sai da surukarta ta lura ta ɗauki ƙaramin cokalin ta gicciya shi a bakin kofin ta nuna mun cewa haka ake yi in an ƙoshi. Mun yi wajen awa biyu, ita Turkanci ni Hausa, da hannu da waya da hotuna, na nuna mata Ummata ta nuna mun mijinta da ya rasu da ɗanta da yake aiki a Jamus. Tun ranar nake ce mata Teyze, wato inna, 'yar uwar uwa, ita kuma ba ta taɓa kiran sunana ba sai kızım.

Ita ce ta kama hannuna ta kai ni Halk Eğitim, cibiyar gwamnati ta koyar da manya, inda ake koyar da baƙi Turkanci kyauta, kuma ita take riƙe mun yarinya ranakun da nake da aji. Ajinmu yawanci matan Siriya ne da Afganistan, ni kaɗai ce baƙar fata. Yaren nan da wuya ba ƙarya, kalma ɗaya sai a yi ta liƙa mata jela har ta zama jimla guda, aikatau kuma sai can ƙarshe, sai ka jira mutum ya gama kafin ka san ya je ne ko bai je ba. Amma abinda ya riƙa ƙarfafa mun gwiwa shi ne kalmomin da nake tsinta kamar na haɗu da ɗan uwa a kasuwar wani gari: dünya duniya, zaman zamani, sabun sabulu, kalem alƙalami, haber labari, bereket albarka, niyet niyya, karanfil kanumfari. Ranar da na gane "afiyet olsun" da suke cewa in mutum zai ci abinci lafiyarmu ce a ciki, daɗi ya kama ni kamar an mun kyauta. Sai kuma gaisuwarsu, nan ne na ga muna kama da juna sosai, don su ma kowane hali da gaisuwarsa. Ka wuce mai aiki kace "kolay gelsin", sannu da aiki ke nan. Mai girki a ce mata "elinize sağlık", Allah ya ba hannunki lafiya. Mara lafiya "geçmiş olsun". Da wannan kolay gelsin ɗin na koma kantin mutumin da na ɗauka ya mun tsaki, yanzu in na shiga sai ya ba 'yata alawa, kuma shi ne ya nuna mun shagon masu sayar da ganyayyaki da kayan ƙamshi inda na samu zoɓo da citta.

Daren da ba zan manta ba kuwa a watan Janairu ne na 2022, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, Teyze ta aiko jikanta cewa mu zo da dare dukkanmu har maigida, za a sha arabaşı. Muka shiga muka tarar da gidan cike, 'ya'ya da jikoki da wasu maƙwabta, an shimfiɗa ƙyalle a ƙasa an ɗora wani ƙaton tire zagayayye, a cikinsa wani abu fari da aka dama da fulawa da ruwa aka bari ya huce ya kafe kamar agidi, an yanyanka shi gida-gida, a tsakiya kuma an ajiye kwano na romon kaza mai zafi yana tururi, ja da barkono, ga lemon tsami a gefe. Kowa ya zauna ya zagaye tiren ya ja ƙyallen kan cinyarsa. Sai babban ɗanta ya fara yi wa maigida bayani a tsanake, wai a kula, wannan abincin ba a tauna shi, ka ɗebo farin a cokali ka tsoma a romo ka haɗiye kai tsaye, kuma baƙi da yawa ba sa iyawa har mutanen Istanbul ma, in mun kasa kar mu ji kunya. Ni da maigida muka kalli juna. Na ɗebo na tsoma na haɗiye. Na sake. 'Yata ma ta buɗe baki na ba ta ta haɗiye ta nemi ƙari. Ɗakin ya yi tsit, sannan aka kaure da hayaniya, Teyze tana dukan cinyata tana tambaya a ina na koya, maigida ya yi musu bayani cewa mu abincinmu na kullum haka yake, tuwo ba a tauna shi, yaro tun kafin ya yi haƙori yake koyon haɗiya. Suka ce wanda ya bari lomarsa ta faɗa cikin romo shi zai yi arabaşı na gaba a gidansa, surukin gidan ne ya yar da tasa, aka yi ta masa tsiya, ni ma na samu kaina ina dariya da ƙarfi, rabona da irin wannan dariyar tun a gida. Da muka koma ɗakinmu na daɗe ban yi barci ba, ina ta tunanin yanda aka yi mutanen da ke tsakiyar Turkiyya da mu da ke bakin Sahara muka haɗu a kan haɗiyar loma.

Bayan 'yan makonni sai ga şivlilik, wannan kuma al'adar Konya ce ta kansu, ranar Alhamis ta farko a watan Rajab yara suke fitowa da sassafe da leda a hannu suna bin gida-gida suna ihu ana ba su alawa da biskit da busasshen inabi, daren kafin nan kuma a fito da fitilu kan titi. Ya tuna mun da tashe. Wannan karon Teyze ta riga ta gaya mun, na sayi kayana na ajiye a bakin ƙofa, 'yata kuma ta bi jikokinta ta dawo da leda cike.

Da azumi ya zo a watan Afrilu, matan benen suka fara abinda suke kira mukabele, kullum da hantsi a taru a gidan mutum ɗaya a karanta izu biyu, ɗaya tana karantawa saura suna bi da ido, har a sauke kafin sallah. Na je na zauna daga baya da Ƙur'anina. Rana ta huɗu mai karanta musu muryarta ta dishe, Teyze ta nuna ni. Na yi bisimilla na fara, karatun Islamiyya dai da kowace 'yar unguwarmu ta iya, ban ɗauke shi wani abu ba, ina ɗagowa naga wata tsohuwa tana share hawaye, wata kuma ta tambaye ni wai a Makka na yi karatu? Nace a Kano, kuma a garinmu yara masu haddar Ƙur'ani ba sa ƙirguwa. Da yawansu ba su san akwai Musulmi a Najeriya ba sam, balle a ce musu Musulunci ya fi shekara 600 a Kano. Akwai bambance-bambance dai, su Hanafiyya ne, tarawihinsu raka'a 20, sallah suna ce mata namaz, alwala abdest, azumi oruç, watan ma Ramazan suke cewa, kuma har yanzu mai ganga yana zagaya unguwa yana tashin mutane sahur. Ni kuma kullum da yamma sai na dafa zoɓo da citta da kanumfari na raba a benen, har aka sa masa suna sharbar Afirka, in na makara sai a aiko yaro.

Ba zan ce komai daɗi ne ba, don in na faɗi haka na ci amanar waɗanda za su zo bayana. Kallo kam mun sha shi, har yanzu muna sha. Mutum ba sallama ba komai ya kai hannu kan kitson 'yata yana shafawa, ko ya ɗaga waya ya ɗauke ta hoto, wannan ya fi komai ƙona mun rai, kuma jimlar farko da na haddace da kyau ita ce ta cewa don Allah kar a ɗauki hoto. Wasu tsofaffi "Arap" suke ce wa duk baƙin mutum, wasu su tambaye ka ko akwai mota a ƙasarku. Yawanci rashin sani ne ba mugunta ba, ana gane wannan a fuska. Amma akwai na mugunta ma, musamman da rayuwa ta yi tsada, a watan Oktoba na 2022 hauhawar farashi a hukumance ta haura kashi 85 cikin ɗari, ga 'yan gudun hijirar Siriya sama da miliyan uku a ƙasar, sai wasu suka fara juye haushinsu kan duk wani baƙo. Wata mata ta taɓa ce mun a cikin tarago mu koma ƙasarmu mun cinye musu arziki, lokacin na riga na fara jin yaren, na ji kowace kalma, jikina har rawa yake. Wani dattijo ne ya tashi ya ba ni kujerarsa yace mata ta ji tsoron Allah. Duka biyun mutanen garin ne, kuma duka biyun ina tuna su.

Mu ma namu akwai abin faɗa. Akwai 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Ghana masu jin Hausa a garin, yawanci ɗalibai, muna da zaurenmu na WhatsApp, da sallah mu haɗu a ci tuwo a yi hira, kuma ba don su ba da ban san ya zan yi ba ranar da yarinya ta yi zazzaɓi tsakar dare. Amma na ga waɗanda suka yi shekara huɗu biyar ba su san sunan maƙwabcinsu ba, daga ɗaki sai makaranta sai wajen 'yan gida, kullum maganar ita ce Turkawa kaza Turkawa kaza. Ba na zarginsu don ni ma saura kaɗan na zama haka, kuma namiji mara iyali ba kowace ƙofa za a buɗe masa ba a gari irin Konya mai riƙo da al'ada. Amma ina jin takaici in na ga mutum zai koma gida da takarda kawai, ko kabarin Maulana Jalaluddin Rumi, babban malamin Sufaye mai waƙoƙi, da mutane suke zuwa gani daga ko'ina a duniya, ga shi nan tsakiyar gari da koriyar ƙubbarsa, bai taɓa leƙawa ba, balle cikin gidan mutum.

Ranar 6 ga Fabrairu 2023 muka tashi da labarin girgizar ƙasa a kudu maso gabas, ƙarfe 4:17 na asuba ta auku mutane suna barci, ga sanyi ga ƙanƙara, larduna 11 abun ya shafa, sama da mutum 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai. Konya ba ta cikin wuraren da suka rushe amma garin gaba ɗaya ya zama gidan makoki. Da azahar aka ƙwanƙwasa mun ƙofa, surukar Teyze ce, ba gaisuwa mai tsawo ba komai, tace kawo barguna da kayan sanyin yara duk abinda kike da shi, sannan ki sauko ƙasa muna ɗaure kaya. Ba ta tambaye ni ko zan iya ba, ba ta ce ke baƙuwa ce ki huta ba, umarni kawai ta ba ni yanda ta ba kowa. Muka wuni a ƙofar bene muna ware kaya muna rubutu a jikin kwali, hannuwanmu sun sandare, muna yi muna kuka. Bayan kwanaki aka sauki wata mata daga Hatay, ɗaya daga cikin lardunan da girgizar ta shafa, da 'ya'yanta biyu a gidan da ke hawa na ɗaya, ba ta zo da komai ba sai kayan jikinta, aka raba kwanakin kai mata abinci, ni aka ba ni Talata. Na san yanda ake ji in an ƙwanƙwasa maka ƙofa a garin da ba ka san kowa ba, shi ya sa ban taɓa aika yaro ba, da kaina nake kaiwa na zauna.

A ƙarshen wannan shekarar ne suka sa ni a gün ɗinsu. Adashi ne ba wani abu ba, mata su haɗu duk wata a gidan mutum ɗaya, kowa ta kawo zubinta, mai gida ta kwasa ta kuma ciyar da su. Asali da ƙaramin tsabar zinare ake yi, amma namu da kuɗi muke yi don zinare ya fi ƙarfin kowa yanzu. Mu tara ne. Da kwasata ta zo na yi shawara da Umma, tace ki yi musu tuwo. Ni kuma abinda ya ba ni ƙarfin hali shi ne na riga na je bikin aure na ga miyar kuɓewarsu, don Konya an san ta da ita, busasshiyar kuɓewa ƙanana kamar kan ɗan yatsa ake shanyawa a jere a jikin zare, tsada gare ta sosai, kuma a biki bayan an ci shinkafa da nama an ci kayan zaƙi sai a kawo ta don ta sake buɗe ciki. Sai dai su duk ƙoƙarinsu su kashe yauƙin ne, da lemon tsami suke tafasa ta, mu kuwa yauƙin muke nema har da kanwa.

Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa da aka aiko mun daga Kano, da daddawa da naman rago, na yi kek da salak a gefe saboda waɗanda ba za su iya ba. Da na ɗaga ludayi miyar ta biyo shi, wata ta dafe ƙirji, biyu suka ce a yi musu afuwa, ban ji haushi ba don ni ma har yau akwai cukunsu da ba na iya ci. Teyze kuwa tashi ta yi ta wanke hannu, ta ajiye cokalin da na ba ta, ta kalli yanda nake yi ta gutsura ta mulmula ta dangwala ta haɗiye. Ta ɗan yi shiru. Sannan tace gishiri ya yi kaɗan kızım, miƙo mun. Ta cinye malmala guda, wasu huɗu suka bi ta, da za su tafi ta sa na zuba mata sauran miyar wai ɗanta zai ɗanɗana.

Yanzu maigida ya kusa kammala rubutunsa, an fara maganar komawa gida, 'yata kuma Turkancinta ya fi Hausarta gudu, "anneanne" take ce wa Teyze, wato kaka ta wajen uwa. Ban gaya wa tsohuwar ba tukuna, na buɗe baki sau biyu na kasa. Jiya da yamma ta aiko jikanta da farantin nan fari mai shuɗin baki, sarma ce a ciki, yana nan a kicin na wanke na kife. Na jiƙa shinkafa tun dare, masa zan yi mata, in na kai zan zauna na faɗa mata.